Kafin Makaranta Ta Sayi Kyamara, A Tambayi Abin Da Za Ta Iya Gani

Duk yaron da ya tashi a Maraɗi, ko Tsibiri, ko Jiratawa, ya san murzuna da suna. Ya ji iyayensa na kuka da ita, ya kuma ga zangarniyar hatsi da ta yi wa zane a murɗe kamar an naɗa mata zare. Amma a tara 'yan ajin ƙarshe na firamare a tambaye su wa ya taɓa ganin ƙwan murzuna, ko ɗan ƙwaron da ke kashe ta, za a ji shiru. Ba laifinsu ba ne. Ƙwan bai kai milimita 1 ba, maƙiyin nata kuma tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ido kaɗai ba ya wadatarwa, littafin aji kuwa zane ne baƙi da fari na ƙwarin wata ƙasa.

Ra'ayina shi ne, kowace makaranta a wannan yanki tana bukatar kayan ɗaukar hoton ƙananan abubuwa daga kusa, kuma kayan da suka dace da wannan aiki su ne masu araha. Ina faɗin haka ne saboda na sha jin yadda maganar ke tafiya idan kwamitin iyaye ya samu ɗan tallafi, ko wani tsohon ɗalibi da ke waje ya ce zai yi wa makarantarsu alheri. Nan take sai a fara lissafin sunayen kamfanoni, ana tambayar wace kyamara ce ta fi tsada, wacce ce manyan masu hoto ke ratayawa a wuya. Ba a cika tambayar me za a ɗauka da ita ba.

Bari in kawo misali da kyamarar da ta fi kowace suna a duniya, domin a ga yadda tsada da dacewa ke raba hanya.

Akwai wani nau'in kyamara mai tagar awon nisa. Shahararriyarsu ita ce Leica ta Jamus, wadda samfurinta M3 ya fito a 1954. Tarayyar Sobiyet ta yi nata irin su Zorki da FED, Japan ta yi Yashica Electro 35 da Canonet, kuma har yanzu akan ci karo da irinsu a akwatin wani dattijo ko a hannun masu sayar da tsofaffin kaya. Yadda take aiki abin sha'awa ne. A samanta akwai ƙananan tagogi biyu da ke kallon abu ɗaya daga wurare biyu. Mai ɗauka yana ganin siffa biyu a tsakiyar taga, sai ya dinga juya gilashin gaba har siffofin su hau kan juna, a nan ne hoton zai fito tar. Manyan masu hoton yaƙi da na titi sun so ta domin ba ta da nauyi, ba ta da ƙara, ga saurin saiti.

To amma tagar da mutum ke leƙawa daban take da gilashin da ke ɗaukar hoton. Tazarar 'yan santimita ce tsakaninsu. Kowane malami zai iya nuna wa ɗalibai illar wannan tazara ba tare da kyamara ba: a sa yaro ya ɗaga yatsa kusa da hancinsa, ya rufe idon dama ya duba, sannan ya rufe na hagu. Zai ga yatsan ya yi tsalle. In ya miƙa hannun nesa, tsallen ya ragu. In ya kalli bishiyar da ke bakin filin makaranta, kusan babu tsalle sam. Haka kyamarar take. A nisan mita 3, abin da taga ta nuna kusan shi ne abin da gilashi ya ɗauka. A nisan santimita 10, kana kallon kan tsutsa ta taga, gilashi na ɗaukar ganyen da ke ƙarƙashinta.

Saboda wannan ne na'urar awon nisa ta Leica ke tsayawa a santimita 70, ba ta saita abin da ya fi haka kusa. A wannan nisa, gilashin milimita 50 yana kwaso fili mai faɗin kimanin santimita 40, wato kamar faifai babba. Ɗan ƙwaro mai milimita 3 a cikin wannan fili bai kai kashi 1 cikin 100 na faɗin hoton ba. Ɗigo ne kawai. Kamfanin kansa ya san matsalar, shi ya sa ya yi ta ƙera kayan ceto: wani akwatin madubi mai suna Visoflex da ake ɗaurawa tsakanin jikin kyamara da gilashi domin a riƙa gani ta cikin gilashin kansa, da wani gilashi mai ɗan tabarau da ake maƙalawa a gaban tagogin don gyara saɓanin gani. Sai a 2012 ne ya fito da samfurin da ke nuna hoto kai tsaye a allon baya. Sabuwar irin wannan kyamara a yau, jikinta kaɗai ba gilashi, ya haura sefa miliyan 5. Wanda ya mallake ta don sha'awarsa, Allah ya sa albarka, ya nemi zoben ƙarin tsawo ya yi aiki da allon baya. Makaranta kuwa, ko kyauta aka kawo mata tsohuwar mai fim, sai ta yi godiya ta ajiye ta don darasin yadda haske ke tafiya. Ba za ta nuna wa yaro ƙwan murzuna ba.

Me ya sa nake nacewa a kan murzuna? Domin ita ce misalin da ke ƙofar gidanmu. Wannan tsutsa ta zama annoba a yankin Sahel tun bayan farin farkon shekarun 1970. Uwarta, wata 'yar malam-buɗe-littafin dare, tana saka ƙwai a kan zangarniya lokacin da take fitowa, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta dinga yanke furanni tana zagayawa, in ta ƙoshi ta sauka ƙasa ta kwanta har wata damina. Kuma a nan Maraɗi ne aka yi wani babban ɓangare na aikin yaƙi da ita. Masu bincike na cibiyar INRAN da ke Tarna, da na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, sun yi shekaru suna kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro da masana ke kira Habrobracon hebetor. Macen tana harbin tsutsar ta sandare, sannan ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yanta su cinye ta. Ana zuba zanzaron a ƙananan buhunan algarara tare da ɗan hatsi da tsutsar da zai hayayyafa a kanta, a kai ƙauyuka lokacin da hatsi ke fitar da kai.

Ga inda makaranta ta shigo. Manomin da bai taɓa ganin wannan zanzaro ba, ba zai bambanta shi da kowane ƙwaro ba. In ya ga ƙananan abubuwa na yawo a kan zangarniya, abin da zai fara tunani shi ne feshi, feshi kuma ba ya tambayar wane ne aboki. Haka abin yake a lambunan Jiratawa, inda tsutsar ganye ke addabar zogale, darɓa ke manne wa wake da kayan miya, alhali akwai ƙwarin da abincinsu ke nan, darɓar. Yaron da ya ga hoton zanzaro a kan tsutsa da girman tafin hannu, ya ga ƙwayayen a jere a jikinta, ba zai manta ba, kuma zai faɗa a gida. Gani ya kori ji.

Akwai kuma wani dalili da ban cika jin ana ambatawa ba. Murzuna tana ɓarnarta ne a watan Agusta da Satumba, lokacin da makarantu ke rufe. Kafin a koma aji a Oktoba, ta riga ta shige ƙasa. Malamin da ke son koyar da ita ba shi da abin nunawa sai busasshiyar zangarniya. Hoton da aka ɗauka a damina shi ne zai kawo gona cikin aji a watan Janairu.

To me ya kamata a saya, kuma da wane za a fara?

Na farko, gilashin ƙara girma na hannu, irin wanda ke ninka abu sau 10, wanda masu gyaran agogo da na salula ke amfani da shi. A sayi da yawa, ko da guda 10 ne, a ɗaura wa kowanne igiya. Na sa shi gaba da kyamara da gangan. Kyamara mutum ɗaya ke riƙewa, sauran na kallo. Gilashi 10 kuwa na nufin rukuni 10 na yara, kowa na nema da kansa. Kada a raina shi. Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a Holan da ƙwayar gilashi guda ɗaya tak ya fara ganin ƙananan halittun cikin ruwa a shekarun 1670. Abin da ya fi mu da shi haƙurin dubawa ne.

Na biyu, ɗan gilashin da ake maƙalawa a kan idon wayar salula. Wayar malami, ko mai sauƙin kuɗi ce, ta fi waccan kyamara mai miliyoyi dacewa da wannan aiki, saboda dalilai biyu. Allon waya yana nuna ainihin abin da gilashi ke gani, babu saɓani. Sannan gilashin waya gajere ne ƙwarai, don haka kaurin wurin da ke fitowa tar a hoto ya fi yawa. Wannan batu na kauri shi ne babbar wahalar hoton kusa. Da babbar kyamara, idan aka ɗauki abu daidai girmansa na zahiri, wurin da ke fitowa tar kaurinsa kimanin milimita 1 ne a matsakaicin buɗi. Idon ƙwaro ya fito, fukafukinsa ya dushe. Waya tana yafe wa mai koyo fiye da haka. Wasu wayoyin ma suna zuwa da nasu tsarin ɗaukar kusa, sai a fara dubawa kafin a kashe ko dala.

A nan sai a yi hattara da 'yan kasuwa. Kwali zai ce yana ninka abu sau 50 ko sau 100. Kada a kula da kwali. A tafi kasuwa da rula. A maƙala gilashin, a matsa har layukan rula su fito tar, a ƙirga milimita nawa suka cika faɗin allo. In sun kai 20 ko ƙasa da haka, ya yi, domin zanzaro mai milimita 3 zai ci kusan kashi 1 cikin 7 na faɗin hoton. A duba gefe-gefen hoton kuma, in layukan sun lanƙwashe sosai ko sun yi launin bakan gizo, a ajiye shi a gwada wani. Jan hoto da yatsu biyu a kan allo ba ya ƙara komai, yana buɗa abin da aka riga aka ɗauka ne kawai. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na uku, abin da zai riƙe waya ta tsaya cak. Yawancin hotunan kusa da ke lalacewa, rawar hannu ce ke lalata su. A nisan santimita 2 ko 3, numfashin mai ɗauka ma ya isa ya kawar da saiti. Wannan ba sai an yi odarsa daga waje ba. Kowane kafinta ko mai walda a Maraɗi zai iya haɗa ɗan teburi mai rami a tsakiya, waya ta kwanta a sama idonta na leƙa ramin, a ƙasa a sa faranti da ake ɗagawa ko saukewa da noti. In babu, littattafai biyu a jere, waya a kansu, sun wadatar. A saita waya ta jira daƙiƙa 2 ko 3 kafin ta ɗauka, domin taɓa allon kansa yana girgiza ta.

Na huɗu, haske. Allah ya hore mana rana, sai dai ranar tsaka ba ta yi wa hoton kusa daɗi, tana sa jikin ƙwaro ƙyalli, inuwa kuma ta yi baƙi ƙirin. Inuwar bishiya da hantsi ta fi. Farar takarda a gefe tana mayar da haske inda ya yi duhu, farin ƙyalle a sama yana tausasa shi. In cikin aji ne, ƙaramar tocila ta gefe, an rufe bakinta da farar takarda, ta fi filashin waya, wanda a wannan kusanci yakan haska gefe ɗaya ya bar sauran.

Na biyar, kuma shi ne wanda ake mantawa, rula da littafin rubutu. Hoton ƙwaro da babu ma'auni a gefensa ba ya gaya wa kowa girmansa. Hoton da ba a rubuta ranar ɗauka, da wurin, da shukar da aka same shi a kai ba, ado ne kawai. A sa takarda mai layukan milimita a ƙarƙashin duk abin da za a ɗauka. A rubuta sunan da mutanen garin ke kiransa, a tambayi tsofaffi da mata masu sussuka, domin sunan Tsibiri kan bambanta da na Jiratawa. Tun Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. In har za a koyar da kimiyya da ita, ana bukatar waɗannan sunaye a rubuce tare da hoton abin da suke nufi, kuma babu wanda zai tattaro su daga ofis a Yamai. Sai a ƙara da leda mai zif da ɗan ƙyalle mai laushi, saboda ƙurar hunturu ba ta barin gilashi.

Idan bayan duk wannan kuɗi ya rage, kuma makarantar sakandare ce mai malamin da zai kula, to a nemi kyamara ta hannu wadda ake cire gilashinta, wadda kuma ake gani ta cikin gilashin ko ta allo. Ba dole sai an sayi gilashin kusa mai tsada ba. Akwai zobba marasa gilashi da ake sakawa tsakanin jiki da gilashi don nisanta su. Ƙa'idar mai sauƙi ce: gilashin milimita 50 da ƙarin milimita 50 yana ba da hoton abu daidai girmansa. Farashin da ake biya shi ne haske, domin a wannan matsayi ana bukatar ninki 4 na hasken da aka saba. Wannan kansa darasin lissafi ne ga 'yan sakandare.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma maganarsu na da nauyi. Za su ce yaranmu na zaune a ƙasa cikin azuzuwan zana, wasu ajin ɗalibi ya fi 70, kai kana zancen hoton ƙwari. Babu wanda ya manta gobarar 8 ga Nuwamba 2021 a nan Maraɗi, wadda ta ci ran yara sama da 20 a ajin zana. Wanda ya ce a fara gina aji bai faɗi ƙarya ba, kuma in aka ce in zaɓa tsakanin bulo da gilashi, bulo zan zaɓa. Hujjata a kan kyamara mai tsada ma ke nan: kuɗin da za a zuba mata na ginin aji ne. Kayan da na lissafa kuwa ba su kai kuɗin ƙofa da taga ba, kuma yaron da ke aji a bana ba zai dakata da girma har a gama gini ba. Tunda an ambaci zana, wajibi ne in ƙara da gargaɗi: gilashin ƙara girma yana tara hasken rana har ya kunna wuta a busasshiyar ciyawa, yana kuma iya makantar da wanda ya kalli rana ta cikinsa. A ƙirga su lokacin rabawa, a ƙirga lokacin karɓa, a kulle su a akwati, kada a bar ko ɗaya a hannun yaro bayan darasi.

Wasu kuma za su ce waya a makaranta fitina ce. Na yarda, in a hannun ɗalibi take ba mai lura. Abin da nake nufi waya guda ce, ta malami ko ta makaranta, a kan teburinta, ana ɗaukar ganye da ƙwaro. A kafa doka tun farko cewa ba a ɗaukar fuskar yaro, balle a tura ta WhatsApp. Iyaye na da haƙƙin su ji wannan daga bakin shugaban makaranta kafin a fara. Haka nan ba a shiga da yara gonar da aka yi wa feshi kwanan nan, ba a kuma sa su tura hannu ƙarƙashin dutse ko cikin rami neman abin ɗauka, ƙasarmu ta kunama ce.

Akwai iyaka kuma da ya kamata malami ya sani. Hoto mai kyau ba ya mai da mutum masanin ƙwari. Tsutsotsi da yawa suna kama da juna, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Kada malami ya ga hoto ya ce wa manomi ya sayi magani kaza. Aikinsa ya tura hoton, da ma'auninsa da bayaninsa, ga malamin gona, ko ga masu ba manoma shawara ta waya na ƙungiyar RECA, ko ga jami'a. Ta nan ne ma aikin zai amfani wanda ba ya aji. Tsutsar masara da ta zo daga nahiyar Amurka an fara tabbatar da ita a Afirka ta Yamma a farkon 2016, cikin shekaru biyu ta mamaye yawancin ƙasashen kudu da Sahara. Baƙon ƙwaro irin wannan, wanda ya fara ganinsa yakan zama wanda ke cikin gona kullum. Makarantu 50 da ke ɗaukar hoto mai kwanan wata idanu ne da babu wata ma'aikata da za ta iya ɗauka aiki.

Shawarata ga kwamitocin iyaye ita ce su sa wannan a taron farko na shekara. A ware kuɗin gilashin hannu 10, da na waya 1, da ladan kafinta. A zaɓi malami ɗaya da zai riƙe littafin. A fara da abin da ke kusa a rani: ƙwaron wake daga rumbu, ganyen zogale daga Jiratawa, sauro da tsutsarsa daga randar da aka bari a buɗe. Kafin a tafi babban hutu, a bar kayan a hannun malamin da ke zaune a garin, a haɗa shi da ɗalibai uku ko huɗu da iyayensu suka amince, su bi hatsi daga fitar kai har girbi. Duk wanda ya zo da tayin kyamara, komai sunanta, a miƙa masa rula a ce ya ɗauka a gani.